Ranar da Kifi Ya Ci Gashin Zabo

Bana da ruwan farko ya sauka, shinge, garar nan mai fukafukai, ya fito a Dutsin-Ma kamar yadda ya saba, sai dai ban ga yaro ko ɗaya ya fito da ƙwarya ya tare shi ba. Ina zaune ƙofar gida bayan magariba ina kallonsu suna kewaya fitilar nan ta sola da aka kafa mana bakin titi, suna zubar da fukafukai, masu babura suna bi ta kansu. Abin ya tsaya mini a rai, ban kuma san dalili ba. Ana cikin haka sai ga jikana, wanda yanzu shi ma magidanci ne, yana gyaran injin ban-ruwa can bakin dam ɗin Zobe, ya kuma ɗora wa kansa jarabar fatsa duk ranar da babu aiki. Ya gaishe ni a gurguje irin gaisuwarsu ta yanzu, ya cusa mini waya a fuska.

"Tsoho, dubi wani ikon Allah. Wanga Bature gashin tsuntsu yake ɗaurawa ga ƙugiya, ba koto ba komi, kuma kifi shina ci. Ka taɓa jin irin haka?"

Na karɓa, na nesanta ta da ido, na kusanto da ita. Hannuwa kawai ake gani, da ƙugiya a bakin wani ɗan ƙarfe, da zare yana kewaya ta. Kowane juyi na san shi tun kafin a yi. Na miƙa masa wayarsa na ce ido ya mutu, ba na ganin komai. Ya yi dariya, ya ce ai dama an daɗe da yin jana'izar idon, saura mai shi. Na bar shi ya ci wannan.

Ni ba a garin nan na tashi ba. Ƙauyenmu yana can bayan Barkiya, ta wajen Kurfi, kuma ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen da zan ambata duk sun bar jikoki. A lokacin ba agogo muke bi ba, kunne muke bi. Luguden mata shi ke gaya maka hantsi ya yi, ƙarar guga a bakin rijiya ta gaya maka la'asar ta gabato, kukan maruƙa ya gaya maka shanu sun kusa gida. Idan damina ta faɗi kuwa, kwaɗi su karɓe garin gaba ɗaya, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Ranar da shinge ya fito babu mai zama. A kunna kara, a jera ƙore da ruwa a ciki, yara na ihu, tsofaffi na faɗa a bar tattake musu shuka. Da safe a soya a kasko da ɗan gishiri, kowa baki na maiƙo. Yanzu ka ba yaro shinge ya dube ka kamar ka ba shi guba, shi da yake cin taliyar leda wadda bai san ko da me aka yi ta ba. Akwai kuma gulbi gabas da gari, wanda da rani yashi ne zalla sai gurabe masu zurfi nan da can, da damina kuma ya cika ya tumbatsa. Washegarin fitowar shinge, idan ka je bakinsa, za ka tarar saman ruwan ya rufe da su, kifi na ta tsalle yana cafka.

A wannan gulbin Kawu yake yini. Ƙanen mahaifiyata ne, su biyu kaɗai uwarsu ta bari, don haka Inna ba ta haɗa shi da kowa. Ya tafi ci-rani tun ban yi wayo ba, ya yi shekaru can wajen babban kogi, ya dawo na zama saurayi, ba mata, ba ɗa, ba kayan kirki sai wata doguwar sandar gora da ɗan gwangwani da yake sawa a aljihu. Babana ya ba shi ɗaki a bayan gida da 'yar gona. Mutum ne marar yawan magana, kuma idan ya yi ta ma ba lallai ta haɗu da wadda ya yi jiya ba. Na tambaye shi inda ya koyi abin da ya iya. Wata rana ya ce wani Bature ne da ya yi wa dakon kaya, wata rana ya ce wani tsohon Banufe ne mai ido ɗaya, wata rana kuma ya ce shi ba wanda ya koya masa, kifi ya zauna ya kalla. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, wataƙila duka.

Kowa a garinmu idan zai yi fatsa tana yake tonowa ya soka a ƙugiya, ya jefa ya zauna jiran tarwaɗa. Kawu shi ba ya tonon komai. Ƙugiya yake yi wa sutura da gashin zabo har ta yi kama da shingen da ya faɗa ruwa, ya ɗaura ta a igiyar da ya tuƙa da izgar doki, ya tafi can sama inda babu kowa. Da yamma ya dawo da kawara, ɗan farin kifin nan mai walƙiya da ke cin abincinsa a saman ruwa, mata su karɓa su ba shi gero. Babu wanda ya yarda da gashin yake kamawa. Cewa ake yi yana ɓoye tana a cikin gwangwani, gashin kuwa taɓin ci-rani ne kawai. Idan ya wuce dandali sai a ce, "Mai kihin zabo, yau zabbin sun yi ƙwai a ruwa?" Ya ɗaga hannu ya wuce. Dariya ake yi masa, amma dariya ce mai daɗi, irin wadda ake yi wa na gida.

Ni ne na nace sai ya koya mini. Ya daɗe yana ƙi, ya ce in je in yi noma in tara abin aure. Ranar da ya gaji da ni, ya zaunar da ni gindin marke a bayan gida, ya tsaga kan kara, ya cusa ƙugiya a tsagar, ya maƙale karan tsakanin yatsun ƙafarsa don hannuwa biyu su samu sakewa. Da farko a goga wa zare kakin zuma don kada ya zame. Sai a naɗe ƙarfen da shi tun daga wuya har inda ya fara lanƙwasa. Sai a murza ɗan gashin akuya a jikin zaren a naɗo shi ya zama ciki. Sai fukafukai, daga gashin ƙirjin zabo, ƙananan nan masu ɗigo-ɗigo, a ɗora biyu a danne da babban yatsa a ɗaure. A bakinsa abin ba wuya. A hannuna kuwa zare ya tsinke, gashi ya juya ƙasa, ƙugiya ta shige mini yatsa, na yi zagi, ya ce zagi ba ya cikin kayan aiki. Idan na yi ƙoƙarin daidaita fukafukan sai ya buge mini hannu. "Kada ka yi shi da kyau," in ji shi. "Shingen da ya hwaɗa ruwa ba ya da kyau. Wahala yake sha, ka sa ya sha wahala."

Ya kuma koya mini ɗaga hannu, kuma wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni duk tsawon rayuwata. Ya ce idan ka ga kifi ya taso ya buɗe baki, ka ɗaga hannu, ƙugiya ta kama shi. Idan kuma ɗan ƙarami ne wanda ba ka so, nan ma ka ɗaga hannu, ka janye masa daga baki. Na ce, "Kawu, ai duk ɗaya ne ke nan." Ya ce ɗaya ne, abin da ke tsakaninsu bai kai ƙiftawar ido ba. Na ce to ta yaya zan bambance? Ya ce in bari hannuna ya girma.

Wanda na fara gamawa da kaina abin tausayi ne. Zaren Kawu mai ruwan ƙasa ya ƙare, sai na zare jan zare daga bakin tsohon zanen Inna na yi da shi. Cikin ya kumbura, fiffike ɗaya ya dubi gabas ɗaya ya dubi sama. Kawu ya juya shi a tafin hannu, ya ce jan ya yi yawa, amma na farko ne, kuma kifi ba ya da madubi. Ya ce in je fili in koyi jifa a kan tudu kafin in je in kunyata shi a ruwa. Na tafi filin da ke bayan gidaje ina ta wurgawa ina janyowa, ina jin kaina wani babban masunci. Hadari ya taso, iska ta kaɗa, na wurga da ƙarfi, sai na ji igiya ta yi sako-sako. Ƙullin da na yi ne ya kwance, abin ya tafi. Na duba ciyawa har ruwa ya sauko ya kore ni. Na gaya wa Kawu, ya ce in ɗaura wani, ƙugiya ce kawai.

Maƙwabcinmu yana da bijimi guda na huɗa, wanda yake haɗawa da na ƙanensa su yi wa gonakinsu aiki. Mutumin kirki ne, mai haƙuri, kuma bijimin nan shi ne duk ƙarfin gidansa. Sai dai dabbar akwai haɗama. Shekara guda kafin nan ya tsinke ya shiga gonar Kawu ya yi ɓarna, Kawu ya koro shi, ya ce a gaban mutane, "Wanga bijimi, wata rana cikinshi ne zai kashe shi." An yi dariya an manta. To, ba a daɗe da ɓatan abin nawa ba, aka wayi gari bijimin ya kumbura yana nishi, da ƙyar aka samu aka sa masa wuƙa. Ga huɗa ta zo, ga gero ya isa a tayar masa da ƙasa. Wani makiyayi da ya zo ya duba ya ce gyauron dawa ya ci, sabon tohon nan mai kashe dabba, kuma kowa ya yarda, aka yi jaje. Sai matar gidan ta je kwance igiya daga turke, ta ɗaga kai, ta ga wani abu soke a jikin zana daidai saman turken. Ƙarfe mai tsini, naɗe da jan zare, da gashin tsuntsu. Ihun da ta yi har a gonarmu an ji shi.

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai yi dariya a nan, kuma ni ma da a waya na gani da na yi. Amma duk wanda ya tashi inda na tashi ya san da me ake haɗa sammu idan ana so a cuci mutum: ƙarfe, jan zare, gashi, a kai a soke inda ake nufi. Ni da hannuna na haɗa su ukun, kuma ko sau ɗaya tunanina bai kai can ba, domin ni shinge nake gani.

Aka taru gindin tsamiya ƙofar gidan mai unguwa. Aka kawo abin a cikin sakaina, da tsinke biyu aka ɗauko shi, ba wanda ya yarda ya taɓa. Mai unguwa ya tambaya ko akwai wanda ya san shi. Na miƙe tun bai rufe baki ba.

"Ranka ya daɗe, nawa ne. Ni na ɗaura shi, iska ta tsinke mani shi ran nan."

"Kai ka ɗaura? Wa ya koya maka?"

Na waiwaya na dubi Kawu, kowa kuma ya bi idona. Na zaci maganata za ta kashe wutar, ashe ita ta nuna mata hanya. Wani daga baya ya ce ai ga shi nan, har ya fara koya wa ɗan mutane. Liman ya sa tsinke ya juya abin, ya daɗe yana dubawa.

"Ni dai ban ga rubutu ba, ban ga laya ba," in ji shi. "Amma kuma tunda nike ban taɓa ganin ƙugiya da riga ba."

Maƙwabcinmu ya yi magana, kuma wallahi tausayi ya ba ni. "Malam, ƙarhe, jan zare, gashin tsuntsu, bisa turken bijimina. Kuma kowa ya ji abin da ya ce bara. In ba sammu ba ne ku hwaɗa mani mi ne ne. Da mi zan yi huɗa bana?"

Aka juya ga Kawu. Ya ce, "Na kihi ne." Bai ƙara ba. Babana yana zaune ya sunkuyar da kai, ga ƙanen matarsa ga maƙwabcinsa na tun kakanni. Ina jin tarin Inna daga bayan zana inda mata suka laɓe. Kowa ya san abin da ake ciki ko da ba a furta ba: idan aka tabbatar, Kawu ba zai ƙara damina a garin ba. Mai unguwa ya shafa gemu, ya ga kamar ya samo mafita mai sauƙi.

"To, tunda na kihi ne, mu tahi gulbi kihi ya ba da shaida. In ya ci, magana ta ƙare."

Ni murna na yi. Bayan la'asar garin ya ɗunguma, har da masu sanda, har da mata daga nesa. Ina tafe kusa da Kawu ina riƙe masa sandar gora, bakina na motsi. Ya dube ni ta gefen ido.

"Addu'a kake?"

"I, Kawu."

"Mi kake roƙo?"

"Allah Ya sa ya ci."

Muka wuce gonar rogo. Sannan ya ce, "To." Yadda ya faɗi wannan "to" ɗin ya sa na daina addu'ar, ban kuma san me ya sa na daina ba.

A bakin ruwa maƙwabcinmu ya ce ba wani za a ciro daga gwangwani ba, wannan ɗin dai da aka samu a zanarsa. Kawu ya sa hannu cikin sakaina ya ɗauko shi, mutane suka ja da baya. Ya ɗaura shi a igiya, ya nuna wa liman babu tana babu komai, ya shiga ruwa zuwa ƙauri. Ya wurga. Mummunan shingena ya sauka a saman ruwa da jan cikinsa yana juyi. Shiru. Ya janyo ya sake, ya kuma sakewa. Aka fara gunaguni, wani ya yi 'yar dariya, wani ya ce ai dama tana yake ɓoyewa, gashin hauka ne. Dariyar ta fara yawa, irin tsohuwar dariyar nan ta dandali. Na dubi fuskar Kawu ina tsammanin in ga tashin hankali, sai na ga kamar ta saki, kamar mutumin da aka sauke wa kaya. Ban gama mamakin wannan ba na hangi wata inuwa ta taso daga ƙarƙashi. Ruwa ya buɗe. Hannun Kawu ya ɗaga.

Kawara ce babba, ta fi duk wadda na taɓa gani ya kawo gida. Ta yi ta fisga, sanda ta lanƙwasa, ya jawo ta kan yashi tana birgima da jan zaren a gefen bakinta. Na yi tsalle na yi kabbara, wasu suka taya ni. Liman ya ce alhamdu lillahi, gaskiya Kawu ya faɗa. Amma kabbarar ba ta yi nisa ba. Wata tsohuwa daga cikin mata ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "A'uzu billahi. Kihi ya ci gashi?" Maƙwabcinmu ya matso ya dubi kifin, ya dubi Kawu, ba da faɗa ba, a hankali, ya ce, "Wanda ya iya sa kihi ya ci gashi, zai kasa sa bijimi ya kumbura?"

Kowa ya juya ya dubi mai unguwa. Shi ya ce in ya ci magana ta ƙare, ga shi ya ci, ga magana ta dawo sabuwa. Daga ƙarshe ya ce kowa ya tafi gida, Allah ne masani. Aka watse aka bar kifin a kan yashi, ba mai son taɓa shi. Inna ce ta ratso mata ta zo ta ɗauke shi a bakin zanenta. A ranar ta dafa shi, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida inda masu wucewa za su gani, ita da ƙanenta suka cinye shi tas. Ban taɓa ganin Inna ta ci abinci a waje ba sai ranar.

Ba wanda ya kori Kawu, kada in yi wa mutanen garinmu ƙarya. Ba wanda ya zage shi. Dariyar ce kawai ta ɗauke. Idan ya wuce dandali sai a amsa sallamarsa da ladabi, a jira ya yi nisa. Mata suka daina karɓar kifinsa. Uwaye suka riƙa janye yara idan ya tunkaro. A masallaci sahu ya riƙa barin ɗan fili a gefensa, kaɗan ne, bai kai a ce a matso ba, amma ana ganinsa. Babana ya ba maƙwabcinmu aron namu shanun ya yi huɗa, ya kuma ce da ni kada ya ƙara ganin gashin tsuntsu a hannuna. Da aka ɗaure gero Kawu ya naɗe tabarmarsa. Inna ba ta hana shi ba, ta dai shiga ɗaki ta ƙi fitowa. Ni na raka shi har inda hanyarmu ta haɗu da ta Kurfi, kuma a nan na yi masa tambayar da ta cika mini ciki tun ranar gulbi.

"Kawu, ran nan da ka ɗaga hannu, kamawa ka yi nuhi ko janyewa?"

"Kai mi ka gani?"

"Na ga hannu ya ɗaga."

"To, ni ma shi na gani."

Ya karɓi sandarsa ya tafi. Ba mu ƙara ganinsa ba. Bayan shekaru wani fatake ya kawo labarin rasuwarsa can wajen babban kogi, wani kuma ya zo ya ce ya gan shi da rai bayan haka. Inna ta rasu ba ta san ko ta yi masa addu'ar mamaci ko ta matafiyi ba, sai ta riƙa yi masa duka biyun.

Na tsufa ina juya wannan rana kuma ba ta taɓa zauna mini daidai ba. Da kifin bai ci ba, ko za a ce maƙaryaci ne, sammun ya tabbata? Ko kuwa za a ci gaba da dariyar da aka fara, a ce mai taɓi ne, a bar shi ya mutu a ɗakinsa kusa da 'yar'uwarsa? Gari yana iya zama da wanda yake yi wa dariya, wannan na gani da idona. Ina jin Kawu ya san haka tun a hanya, shi ya sa ya tambayi abin da nake roƙo. To idan ya sani, don me ya ci gaba da wurgawa? Kuma ni da na roƙa ya ci, aka amsa mini, alheri na roƙa masa ko me? Yanzu ka shiga kasuwar Dutsin-Ma ka ga kifin roba da ƙwaron roba rataye a rumfa, ja da kore da mai ƙyalli, yara na saye suna tafiya dam, ba mai cewa a'uzu billahi. Wani lokaci in ji haushi, in ce da Kawu ya yi jinkirin zuwa duniya kaɗan da yanzu shi ake kallo a waya. Wani lokaci kuma in ce mutanen da suka ji tsoronsa sun fi waɗannan ganin girman abin, domin kifi ya ci gashi ba ƙaramin al'amari ba ne. Ban san wanne nake nufi ba.

Jikan nan nawa bai bar ni ba. Kakarsa ce ta tona, ta ce ai tsohon ya iya, ya taɓa gaya mata tun suna amare. Ya dawo da ƙugiyoyi da zare da gashin zabo cike da leda, har da filaya wai zai riƙe mini. Na ce ya ajiye filayarsa ya samo mini kara. Ƙafata ta ƙi lanƙwasuwa, sai shi ya maƙale karan a tasa ƙafar, na sa tabarau na sunkuya. Zare ya tsinke, gashi ya juya ƙasa, ƙugiya ta shige mini yatsa, daidai yadda aka yi a gindin marke. Da ya sa hannu zai daidaita fukafukan na buge shi, ya ce lallai tsohon nan da sauransa. Muna gamawa wani ya yi sallama a ƙofar zaure, kafin in san abin da nake yi na riga na tura abin ƙarƙashin cinyata. Mai kawo ruwa ne kawai. Jikana ya dube ni.

Ranar da ya samu sarari ya goya ni a babur zuwa dam da yamma. Ruwan ya yi mini yawa, ba ya kama da gulbinmu, ba ka ganin ɗaya gaɓar sosai. Akwai samari a wurin masu wanke babura, da suka ga tsoho da sanda da gashin zabo sai suka taru a bayanmu, wani ya ɗaga waya. Na ji dariyarsu, mai daɗi ce, ba ta da sharri. Na wurga da ƙyar, abin ya sauka kusa, yana juyi. Na waiwaya na dubi mutanen da ke bayana, na juyo, sai ga inuwa ta taso daga ƙarƙashi. Ruwa ya buɗe. Hannuna ya ɗaga.

Ƙugiyar ta fito fayau ba komai, ta faɗo kan yashi kusa da ƙafata. Samarin suka yi ihu, aka ce tsoho ya yi sauri, ya ƙwace masa daga baki. Ni kuwa kewar Kawu ta taso mini irin wadda ban ji ba ko ranar da na raka shi, na zauna a kan yashi. Jikana ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya.

"Tsoho, da gangan ka janye, ko kamawa za ka yi?"

"Kai mi ka gani?"

"Na ga ka ɗaga hannu."

Na ce ni ma shi na gani.